Kwalaye, Agogo da Jirgi: Nazarin Wata Ziyarar Ruwa a Dadin Kowa

Wasu tsofaffin ɗaliban wata sakandare a Gombe, 'yan aji ɗaya da yanzu duk sun ba arba'in da biyar baya, suka ce taronsu na wannan karon ba a ɗakin taro za a yi shi ba. Za su hau ruwa a Dadin Kowa, su zaga tafkin, su sauka a wani ƙauyen masunta su kai wa makarantar firamaren garin tsaraba, su dawo. Mutum 22 suka sa suna a zauren WhatsApp, maza 15, mata 7. Ni na riƙe littafin kwamitin shirye-shirye, don haka abin da zan kawo daga zaman da aka yi ne da kuma abin da ido ya gani a ranar.

A takarda an raba aikin gida uku: masu neman jirgi, masu sayen kyauta, da mace ɗaya ma'aikaciyar jinya da aka ce ta kula da lafiya. Kowa ya kama nasa. Abin da wannan tafiya ta nuna shi ne rabon nan a takarda kawai yake. Kwalin littafi nauyi ne a cikin jirgi, jawabin miƙa kyauta kuwa lokaci ne da ake cirewa daga hasken ranar dawowa. Kyautar da kowa ya ɗauka ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, ita ce ta kusa jefa sauran biyun cikin matsala.

Ruwan da za a hau

Madatsar Dadin Kowa tana kan Kogin Gongola, a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 37 gabas da garin Gombe a kan hanyar Biu. An kammala ta a 1984. Ruwan da ta tare ya kai kusan kubik mita biliyan 2.8, ya malale a fili mai faɗin wajen murabba'in kilomita 300. Daga nan ake turo ruwan famfon Gombe, akwai kuma injinan lantarki masu megawat 40. Mutumin da ya saba wucewa ta gada a mota bai san girman abin ba sai ya shiga tsakiya, ya waiga ya ga gaɓa ta zama zare.

Da farko ma wasu sun yi dogon buri. Wani ya kawo shawarar a tashi daga Nafada a bi Gongola har Numan inda ya haɗu da Binuwai. A taswira abin gwanin sha'awa: kogin ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya yi kwana a wajen Nafada ya miƙa kudu. Amma bangon Dadin Kowa na kan hanya, na Kiri a Adamawa ma haka, kuma da rani akwai wuraren da ruwan ba ya ɗaukar jirgi mai inji. Zama ɗaya aka yi aka binne maganar.

Zaɓen rana ya fi cin lokaci. An fara sa watan Agusta saboda yara suna hutu, iyaye sun sami sarari. Sai wata malama a cikinmu ta tambaya: in yaranmu suna hutu, su waye za mu tarar a makarantar da za mu kai wa kyauta? Aka yi dariya, aka soke. Agusta da Satumba dama lokacin cikar ruwa ne da hadari mai tasowa ba sallama. Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40, ga ba inuwa a kan ruwa. Ƙarshen Disamba makaranta a rufe, hazon hunturu kuma yana ɓoye gaɓa. Aka tsaya a kan Nuwamba, ranar Alhamis. Ba Asabar ba don makaranta ba ta zama, ba Juma'a ba don ana tashi da wuri. Mutum uku suka janye saboda aiki, wasu uku suka maye gurbinsu.

Abin da Sarkin Ruwa ya soke

Masu neman jirgi sun dawo da albishir: sun sami jirgin katako mai injin Yamaha, mai shi ya ce yana ɗaukar mutum 30 ranar kasuwa, har da buhuna. Farashi ya yi daɗi. Sai dai shugaban kwamiti ya nace a je a gaida Sarkin Ruwan mashigar kafin a ba da kafin alƙalami, kuma wannan gaisuwar ce ta juya tsarin gaba ɗaya.

Dattijon ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya tambayi abu biyu: mutum nawa ne suka iya iyo, kuma kaya nawa ne. Masu iyo huɗu ne, su ma rabonsu da rafi tun suna yara. Kaya kuwa kwali 12, ban da tabarmi da kuloli da jarkoki. Ya ce, "Alhaji, mutum 30 na ranar kasuwa 'yan ruwa ne, sun san zama. Naku baƙi ne. In ɗaya ya ga abu ya miƙe, duk za su miƙe su koma gefe ɗaya." Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya yanke cewa jirgi biyu za a ɗauka, mutum 11 a kowanne, su riƙa tafiya suna hangen juna. Kwalayen kuma kada su hau tare da mutane, a tura su da jirgin kasuwa kwana biyu kafin ranar, hedimasta ya karɓa ya ajiye.

Ba kowa ya ji daɗin wannan ba. Kuɗin jirgi ya ninka, kuma wasu sun so a ɗauki hoton sauke kwalaye daga jirgi a gaban yara. Ma'aikaciyar jinyarmu ce ta kashe gardamar, ta tuna wa mutane Bagwai. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari a Jihar Kano, tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, kuma lodi fiye da kima ne aka ɗora wa laifin. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a Kogin Neja a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Lodi da dare, su ne dai kullum. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar jirgi daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Dokar tana nan, bin ta ne ya rage ga wanda ke son ransa.

Rigunan ruwan sun zama aiki. Masu jirgin suna da 'yan kaɗan, wasu igiyoyinsu sun tsinke, sosonsu ya lotse. Kwamiti ya soke ɗinka riguna masu tambarin aji, ya juya kuɗin zuwa sayen rigunan ruwa, da sharaɗin za a bar su a mashigar bayan tafiya. A ganina wannan ce shawara mafi kyau da aka yanke, ko da yake har yau akwai mai ƙorafin hotunanmu ba su fito iri ɗaya ba.

Sarkin Ruwa ya ƙara da sharuɗɗa uku. A tashi kafin ƙarfe 8 na safe lokacin da ruwa ke kwance. A baro ƙauyen kafin ƙarfe 2 da rabi, domin iska kan taso bayan azahar. Na uku dorina. Tafkin yana da su, manoman bakin ruwa sun daɗe suna kuka da ɓarnarsu. Dabba ce da kan wuce tan ɗaya da rabi, da rana tana cikin ruwa, da dare take fita kiwo, kuma mai ɗa ba ta da wasa. Inda matuƙi ya ce a kauce, a kauce, ba mai cewa a matsa don bidiyo.

Jaka 100, yara fiye da 200

Nan ne lamarin ya fi tsawo. Masu sayen kyauta sun riga sun tsara abinsu tun kafin kowa ya taka ƙauyen: jakar goyo 100 da sunan ajinmu a bayanta, kwalin alewa da biskit, ƙwallo biyu, da littattafan labarai na Turanci da 'ya'yan wasu suka gama da su. An biya rabin kuɗin jakunkunan ma.

Mutum biyu aka tura su je su ga makarantar, bayan an kai takarda ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Wannan matakin ba ado ba ne. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma hedimastan da baƙi suka cika masa makaranta ba tare da sanin na sama ba, shi za a tambaya. Suka fara da gidan mai gari, sannan makaranta, inda hedimasta ya kira shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da dattawa mai sa ido kan makarantar.

Abin da suka tarar: ɗaki uku, malamai uku duk maza. Rajista ta haura yara 200, amma a aji ba su kai haka ba, don Nuwamba lokacin girbi ne, wasu kuma suna bin iyayensu su. Allon aji ɗaya ya koɗe har alli ba ya kamawa, malamin yana rubutu a kusurwar da ta rage da sauran baƙi, yara na leƙe. 'Yan aji ɗaya da biyu a ƙasa suke zaune. Wani yaro ya nuna littafinsa: guda ɗaya ne, lissafi ta gaba, Hausa ta baya, sun kusa haɗuwa a tsakiya.

Hedimasta ya yi godiya ƙwarai, sannan cikin ladabi ya rushe jerin kayanmu. Ya ce ranar da aka ji baƙi sun zo da kaya, duk wanda sunansa ke rajista zai zo, har da ƙannensu. Jaka 100 ga yara fiye da 200 rigima ce da za ta bar makaranta ta shiga gidaje, kuma mu za mu hau jirgi mu tafi, shi za a bari da iyaye. Da aka ce to me yake so, bai yi dogon tunani ba: fentin allo, kwalin alli, tabarmi, littafin rubutu da fensir da zai ishi kowa, sabuwar rajista, butoci da bokiti da sabulu. Ya roƙi kada a raba komai a hannun yara ranar. A damƙa wa kwamiti a gaban mai gari, a rubuta adadi, kowa ya sa hannu, shi kuma zai riƙa fitarwa zango-zango.

An yi zazzafar muhawara a zaure. Masu jaka suka ce alli aikin gwamnati ne, ba namu ba. Gaskiya ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, akwai ma hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Amma wannan hujjar ba ta sa alli ya kama allo. Wasu kuma, a gaskiya, sunan ajin da ke bayan jakar ne ya dame su. Aka sasanta: jakunkuna 50 da aka riga aka biya za a bar su a ofishin hedimasta su zama kyautar masu ƙwazo a ƙarshen zango, sauran kuɗin ya tafi jerin da ya bayar. Alewa aka soke ta. Ƙwallo ɗaya aka bari, bisa nacin maza.

Matan ajinmu sun sayi audugar mata don manyan 'yan mata na aji biyar da shida. Tunda makarantar ba malama, ba a kai ta can ba. Aka ba ungozomar garin ta raba a gida, ba tare da shela ba. Magani kuwa, ma'aikaciyar jinyarmu ta hana a kai ko ƙwaya ɗaya a matsayin kyauta. Maganin tsutsar ciki da na tsargiya ana raba su a makarantu ta hannun ma'aikatan lafiya, da awo da rajista, ba baƙon yini ɗaya ke zuwa ya zube su a tebur ba.

Ruwan alwala

Jerin lafiya gajere ne, ta karanta shi a zama ɗaya. Mai hawan jini da mai ciwon suga kowa ya zo da maganinsa a aljihu, ba a jakar da za ta hau ɗaya jirgin ba, kuma mai suga kada ya fito bai karya ba. Hula ko malafa. Ruwan sha lita uku ga kowane mutum. Fakitin ORS, wato haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, in kuma ya ƙare, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Takalmi rufaffe, domin za a ratsa gonaki lokacin girbi, kuma ƙasar Gombe ta san kububuwa, shi ya sa asibitin saran maciji na Kaltungo ya yi suna. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya, a hana ƙafar motsi a nemi asibiti. An kuma soke kwana a ƙauyen da wasu suka so, saboda sauro da rashin wurin da zai ɗauki mutum 22.

Abin da ta fi jan kunne a kai shi ne taɓa ruwan tafkin. Tsargiya tana tare da irin wannan ruwa mai kwanciya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar gaɓa, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar mutum cikin 'yan mintuna ba tare da ya ji komai ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu garuruwan bakin ruwa abin ya zama jiki har ana ɗauka alamar balagar yaro ce, alhali in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyi ko tsayin mutum.

Wani ya ce ai ba wanka za mu yi ba. Ta ce, "Yaya, alwalar azahar fa, da wane ruwa za ka yi?" Aka yi shiru. Babu wanda ya kawo wannan a ransa, kuma da an isa bakin ruwa kowa zai tsuguna ya ɗiba, ya wanke hannu da ƙafa, ya kurkure baki. Don haka aka ƙara jarka huɗu na ruwan famfo don alwala kawai, su ma suka bi jirgin kasuwa tare da kwalaye. Ta yi bayanin cewa ruwan tafki in an tafasa shi, ko an ajiye shi a mazubi ya kwana biyu, ƙwayar tsargiyar ta mutu, amma wannan bai mai da shi ruwan sha ba.

Ranar

An baro Gombe bayan asuba, jirage suka tashi kafin 8. Sa rigunan ruwa ya ci kusan rabin awa. Mata sun sa nasu a saman hijabi, ma'aikaciyar jinya tana bi tana jan igiya, tana kama kafaɗar riga ta ɗaga sama. In ta taho har kunne, ba ta ɗauru ba, a sake. Wani mai tumbi ya ce tasa ta matse shi, zai riƙe ta a cinya. Matuƙi ya ƙi tada inji har sai da ya sa.

Tafiyar lafiya lau. Matuƙan suna kewaye tarun masunta da wuraren da suka san akwai kututture a ƙarƙashi. An ga dorina daga nesa, kunnuwa da hanci kawai, matuƙin gaba ya rage wuta ya yi kwana mai faɗi. Aka ɗaga wayoyi, amma ba wanda ya miƙe.

A ƙauyen ne agogo ya fara gudu. Minti 40 aka ware wa miƙa kaya, ya ci kusan awa biyu. Mai gari ya yi jawabi, liman ya yi addu'a, shugaban kwamitin iyaye ya yi, hedimasta ya yi, namu shugaban ya mayar, sannan wasu mutum biyu daga cikinmu da ba sa cikin tsari suka karɓi magana. Yara suna zaune a rana. Hasashen hedimasta ya tabbata, filin ya cika har da na goye. Da jaka 100 muka zo rabawa, ban san yadda za mu fita ba. Aka ƙirga kaya, aka sa hannu, wani malami ya buɗe gwangwanin fenti nan take ya fara shafa allon aji ɗaya, yara suka bar mu suka koma kallonsa ta taga.

Ana idar da azahar sai ga akussa: tuwo da miyar kuka, da karfasa da tarwaɗa gasassu, zafi na tashi. Ƙarfe 2 ta wuce. Ƙin ci cin fuska ne, zama a ci a natse kuma saɓa wa Sarkin Ruwa ne. Shugabanmu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa ya ɗaure mu da lokaci, a yi mana izini mu taɓa, mu tafi da sauran." Mai gari ya yi dariya ya ce ai wanda ruwa ya ba lokaci ba ya jayayya. Aka ci na albarka, aka juye kifin a kula. Ma'aikaciyar jinya ba ta hana cin abin da ya fito daga wuta ba, ruwan randa kawai ta yi wa mutane ido a kai.

An tashi 3 saura kwata, an makara da minti 15. Iska ta riga ta taso, igiyar ruwa na bugun gefen jirgi tana fantsama ciki, yaron jirgi na kwarfewa da yankakkiyar jarka. A nan kowa ya gane amfanin tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Da kwali 12 da mutum 22 a jirgi ɗaya, wannan tazarar ba za ta kai tafin hannu ba. Mace ɗaya ta yi amai, jiri da zafin rana suka haɗu mata, aka jiƙa mata mayafi aka ba ta ORS kaɗan-kaɗan. Kusa da mashiga jirgi na biyu ya dafe a yashi, kafin a ce wani abu mutum biyu cikinmu sun tattare wando sun shiga ruwa har gwiwa suna turawa. An isa kafin 5.

Bayan an dawo

An yi yarjejeniya duk wanda ya ji zazzaɓi cikin wata guda ya je a gwada jininsa kafin ya sha komai, ya kuma gaya wa likita ya je bakin ruwa. Mutum biyu suka yi zazzaɓi, ɗaya gwaji ya nuna maleriya, ya sha magani ya warke. Ko a tafiyar ya samo ko a gidansa, wannan sai Allah. Mutum biyun da suka tura jirgi an ce su jira wajen wata biyu kafin gwajin fitsari, domin kafin tsutsar ta girma ta fara ƙwai gwajin ba ya nuna komai, maganin ma bai cika kama ƙananan ba. Ɗaya ya je, ba a ga komai ba. Ɗayan har yanzu ana bin sa.

Daga makaranta, hedimasta ya aiko hoton allo uku baƙi wuluk da shafin rajistar rabon littattafai na zango na biyu. Ƙwallon ta fashe a mako na biyu, bayan samarin gari sun karɓe ta daga hannun yara. Littattafan Turancin suna cikin kwalinsu, ya ce sun fi ƙarfin har 'yan aji shida, in da hali a nemo na koyon karatu da Hausa. Rigunan ruwan suna mashiga a hannun Sarkin Ruwa, an ce ranar kasuwa mata masu goyo ake fara ba. A zaman da ya biyo baya kwamiti ya amince za a ci gaba da tura alli da littattafan Hausar da jirgin kasuwa a farkon kowane zango, ma'aji ya ware kuɗin zango uku.